Fito a Motar Auta

Asabar bakwai ke nan cur motar Auta ba ta shigo garejin ba. In ka tambayi Mai Kunne cewa zai yi shi bai ma lura ba, amma ƙarya yake yi. Kowace Asabar sai ya share gurbin da ke ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa, ya hana kowa ajiye mota a wurin, ya kafa kujerarsa ta ƙarfe yana fuskantar titi. In rana ta take tsaka bai ga kowa ba, sai ya miƙe yana tsaki, yana neman wanda zai huce a kansa.

Shekara arba'in yana kanikanci, kuma aikin ne ya raɗa masa sunan. Mota za ta shigo tana tari, wasu su kwance rabin inji suna lalube, shi kuwa sai ya ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya ce, "Bawul na uku ne." A buɗe a tarar haka ne. Har daga wasu garuruwan ake jawo masa motocin da suka gagara.

Ita motar Auta ma shi ya tayar da ita. A mace ya same ta, ɓeraye sun yi gida a kujerun baya. Shekara guda yana fama da ita, ranar da 'yar autarsa ta kama aikin jinya ya miƙa mata makulli. Tun daga nan duk Asabar take kawo ta ya saurara. Ta zauna a benci tana ba shi labarin majinyata da likitoci masu ji da kai, shi yana ƙarƙashin bonet yana dariya. Akwai wata 'yar dabara tasa da bai taɓa faɗa wa kowa ba: ba ya taɓa gama gyaran duka. In ya ga abu uku sai ya gyara biyu, ya nuna na ukun da bakin sifana ya ce, "Wannan sai Asabar mai zuwa." Da haka ya riƙe Asabar ɗinsa shekara shida.

Sai ta yi aure. Mijin malamin lissafi ne a sakandare, siriri mai tabarau, ga ladabi kamar ya kwanta a taka shi. Mai Kunne ya nemi aibinsa ya rasa, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Da fari ba abin da ya canza. Daga baya Malam ya fara kallon gyaran mota a waya. Yau a ce ya canza baƙin mai da kansa, gobe a ce ya sayi jan akwatin kayan aiki, sifanoni suna ƙyalli ko giris ba su taɓa gani ba. Asabar ta fara tsallake Asabar, har ta ɗauke gaba ɗaya.

"Kishi kake yi da surukinka, tsoho da kai," in ji Mai Faci, maƙwabcinsa mai liƙin taya, wanda suka shekara talatin rumfa na kallon rumfa, kuma bakinsa ba shi da birki.

"Ni? Da mai hannun alli?"

"To me ya sa kake share wurin nan?"

"Tsabta ce. Kai ba ka san ta ba."

Kishi ne, kuma ya san kishi ne. Shi ya koya wa yarinyar nan tuƙi, shi ya san wace ƙofa ce sai an ɗaga ta kafin ta rufu, amma yau wani can da bai san zafin salansa ba shi ke buɗe bonet ɗin yana shafa injin.

Ranar Asabar ta takwas, da hantsi, sai ga motar ta shawo kwana. Zuciyarsa ta yi tsalle, sannan ta koma ta zauna, domin Malam ne ke tuƙi, Auta na zaune a gefensa.

Malam ya fito ya durƙusa har ƙasa. "Baba, ina kwana? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Yau an ba ɗalibai hutu ne aka tuna da mu?"

"Ai yau Asabar ce, Baba."

"Au, Asabar ce? Na daina gane ta."

"Kai Baba," in ji Auta tana dariya, ta zagayo ta karɓi tsumman hannunsa ta kakkaɓe masa kafaɗa. "Aiki ne ya yi yawa. Ga ta nan mun kawo maka, ta ishe mu da fito. Kwana goma ke nan, shi ya yi iya yinsa abin ya gagara. Na ce masa mu je wurin Baba, minti biyar ya ishe shi."

Maganar ta yi masa daɗi har cikin ƙashi, amma ya ɗaure fuska ya ɗaga bonet. Nan take fuskar ta ɗaure da gaske. Baƙin akwatin roba na iyakilina, wanda iska ke bi ta tace kafin ta shiga inji, wanda shi da hannunsa ya wanke ya ɗaura, babu shi. A gurbinsa ga wani bututun ƙarfe mai ƙyalli, a bakinsa an cusa wata jar matata mai siffar mazurari.

"Ina akwatin da na sa mata?"

"Yana gida a ajiye, Baba. Wannan odarsa na yi. An ce injin zai fi samun iska."

"An ce. Wa ya ce?"

"A waya na gani."

"To ita wayar ba ta iya gyaran fito ba ne?"

Malam ya sunkuyar da kai yana murmushi. Wannan murmushin ma haushi yake ba shi, mutum a tsokane shi ya ƙi tsokanuwa.

"Tayar da ita mu ji."

Malam ya shiga ya murza makulli. Injin ya tashi. Auta ta yamutsa fuska ta ja da baya. Can a rumfarsa Mai Faci ya saki tayar da yake ɓamɓara ya toshe kunne da yatsa.

"Wannan ai sai ta tara mana karnukan unguwa," in ji shi.

"Ka ji ta ko, Baba?" in ji Auta.

Mai Kunne bai ji komai ba. Gurnanin inji kawai yake ji, lafiyayye, a daidai, ba tari ba gargada. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Babu.

Abin ya jima yana zuwa, shi ne dai ya ƙi buɗe masa ƙofa. Tun bara ya ce tsuntsayen bishiyar nan sun yi ƙaura, har ranar da ya ɗaga kai ya gan su jere a reshe suna buɗe baki suna rufewa. Wayarsa ta yi ta ringi a aljihu sai wani ya taɓo shi. A gida ya ce mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Sauti mai kauri yana jin sa sarai, bugun biyarin ko ƙwanƙwasar fistin ba sa wuce shi, shi ya sa asirinsa bai tonu ba. Siririn sauti ne ya tafi ya bar shi.

"Na ji," in ji shi.

Ya harɗe hannu ya juya wurin Malam kamar mai yi wa ɗalibi jarrabawa. "Kai da ka sa abin, faɗa mini. Yaushe ta fi yi?"

"In tana tsaye a silo, ban taka komai ba, Baba. In na ɗan taɓa totur sai ta ƙara siriri. In na taka sosai kuma sai ta ɗauke."

"Ni fa kamar tun kafin a sa wannan ina ɗan jin ta ƙasa-ƙasa," in ji Auta.

"A'a, bayan na sa ne ta fara," in ji Malam da sauri.

Duk wanda ya san inji ya san abin da wannan bayanin ke nufi. Fiton da ke tashi a silo ya mutu in an taka totur, iska ce ke satar hanya ta wata 'yar kafa can bayan totur, inda injin ke zuƙa da ƙarfi. Ba ruwan sabon bututu. Kansa ya faɗa masa haka tun kafin Malam ya rufe baki. Amma zuciyarsa ba ta son jin wannan, so take laifin ya zama na bututun nan mai ƙyalli da wanda ya ɗaura shi.

Ya bi kilif-kilif ɗin da suka riƙe bututun ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa. Guda huɗu ne, kowanne a ɗaure tam. Robar mahaɗa ta zauna daidai, ba karkata. Kuma a kan kowane noti an ja ɗan farin layi da ruwan goge rubutu irin na malamai, daga kan notin zuwa jikin kilif, yadda in ya motsa za a gani. Aiki ne mai tsabta. Da wani baƙo ne ya yi shi da ya yaba masa, amma da yake Malam ne sai ya ji kamar an zage shi.

"Malam, shiga ka kashe ta, ka zauna sai na ce ka tayar. Auta, shiga shago ki ɗauko mini ƙaramar filaya, tana kan teburi."

Bonet ya kare shi daga Malam, bango ya kare shi daga Auta, Mai Faci ya koma kan tayarsa. Ya ɗora sukudireba a kan notin kilif na ƙarshe. A shekara arba'in bai taɓa lalata aikin wani ba, shi da yake zagin masu yin haka. Hannunsa ya tsaya kaɗan, sannan ya murza baya, zagaye biyu.

"Malam, zo ka gani."

Suka zo tare, Auta riƙe da filaya. Ya kama bututun ya girgiza, ya yi loko-loko a hannunsa.

"Ka gani? Nan iska ke shiga. Ɗaure noti ba a waya ake koyonsa ba, a tafin hannu yake. Sai ka ji ƙarfe ya ce maka ya isa."

Ya ɗaure shi a gabansu a hankali, yana jan lokaci. Zagaye ɗaya, zagaye biyu, notin ya tsaya. Farin layin ya koma ya haɗu da ɗan'uwansa cif, daidai inda yake tun farko. Malam ya gyara zaman tabarau ya dubi layin. Ya daɗe yana duban sa.

"Na gode, Baba," in ji shi. "Kuskurena ne."

"Ba na faɗa maka ba?" in ji Auta, tana kallon mahaifinta irin kallon da take masa tana 'yar shekara bakwai. Wannan kallon yake nema, ya kuwa same shi, ya shanye shi tas.

Aka tayar da inji. Mai Kunne ya ɗauki doguwar sukudirebarsa ya ɗora, ya manna kunne, ya lumshe ido yadda ya saba. Ya ƙirga goma a ransa, ya ɗago, ya goge hannu.

"Shi ke nan. Ta daina."

Murmushin Auta ya tsaya a rabi. Ta dubi mijinta, mijin ya dubi ƙasa.

"Ta... ta ragu, Baba," in ji Malam.

"Wace ce ta daina?" Mai Faci ya ɗaga murya daga rumfarsa. "Kai Mai Kunne, wasa kake yi ko me? Ga ta nan tana tsaga mana kai, ko kurma..."

Sai ya ga fuskar abokinsa, ya haɗiye sauran. A shekara talatin wannan ne karo na farko da bakinsa ya kama birki.

Auta ta matso kusa. Ma'aikaciyar jinya ce, ba sai an yi mata bayani ba. Ta tsaya a gabansa inda zai ga bakinta.

"Baba, tun yaushe?"

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya ajiye sukudirebar a kan taya, ya taka zuwa rumfar Mai Faci.

"Ba ni maganin sauron nan naka mai hayaƙi."

Mai Faci ya karyo masa guntu, ya ƙyasta ashana ya kunna masa.

Mai Kunne ya dawo ya sunkuya a kan injin, wanda har yanzu yake aiki. Ya kare guntun da tafin hannu, ya bi da shi a hankali, idonsa a kan siririn hayaƙin. A jikin sabon bututu hayaƙin ya miƙe sama abinsa. Kilif na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, bai ko karkata ba. Ya wuce totur ya zura hannu can baya, inda dā akwatin iyakilina ke rufewa. Nan hayaƙin ya lanƙwasa, ya kwanta, ya shige cikin wani ɗan tiyo mai kaurin ƙaramin yatsa, kamar ana tsotsarsa.

Ya jawo tiyon waje. An naɗe tsakiyarsa da baƙin salatif wanda zafi ya busar har ya dare, a kai kuma an ɗaure da waya, murɗi uku, an lanƙwashe bakin ciki don kada ya yanki hannu. Ɗaurinsa ne. Haka yake ɗaure komai, har hannun bokitin gidansa.

Ya tuna ranar. Shekara biyu ke nan. Ya ga tiyon ya tsage, sabo yana rataye a shago taku biyar daga inda yake tsaye, amma ya naɗe shi ya ce wa Auta, "Wannan sai Asabar mai zuwa." Asabar ta zo ya sami wani abin ya nuna mata, wannan ya shige bayan akwati ya manta da shi. Akwatin ne ke danne tsagar tana ɗan fito ƙasa-ƙasa, shi kuwa kowane mako yana ɗora kunne yana cewa lafiya lau. Da aka cire akwatin sai bakinta ya buɗe.

Malam ya leƙo. "Ni ne, Baba. Wajen cire akwatin na fizge shi, ina jin a nan ya..."

"Malam, ya isa. Na san ɗaurina." Ya ja numfashi. "Kilif ɗinka ma a ɗaure yake. Ni na kwance shi."

"Na sani, Baba. Na ga layin."

"Ka sani ka ce mini na gode?"

Malam ya cire tabarau yana gogewa. Auta ta juya baya tana gyara mayafi, ta daɗe tana gyara shi.

Da Malam ya yi masa rashin kunya da ya fi masa sauƙi. Ga shi ya fi shi kunne, yanzu kuma ya fi shi hali, duk a gaban Auta. Kishin bai ragu ba ko kaɗan, sai ma ya sami sabon wurin zama.

Ya sa aka kashe injin. Ya shiga shago ya yanko sabon tiyo, ya cusa, ya matse bakinsa biyu. Daga nan kuma bai tsaya ba. Da haushi ya bi motar yana biyan duk Asabar ɗin da ya ɓoye a jikinta. Ya canza robar waifa da ya shekara yana cewa sai mako mai zuwa. Ya sa ƙwan fitilar lamba. Ya kwance hinjin ƙofar baya ya daidaita ta har ta rufu da yatsa ɗaya. Ya danna fambel, wato bel ɗin fanka, da babban yatsa ya ji shi tam, wata uku ke nan da ya sa shi sabo. Awa guda yana yi, Malam na miƙo masa abin da ya nuna.

"Tayar."

Injin ya tashi. Hannunsa ya tafi wurin doguwar sukudireba da kansa, ya kai rabi ya dawo. Ya tsaya a gaban motar da ya tayar daga mutuwa, bai san ko tana fito ko ba ta yi ba. Zai iya tambayar Auta, amma ba ya son ganin idonta.

"Malam. Zo ka sa kunne."

Malam ya zo ya sunkuya. Ya saurara a silo, ya kai hannu ya ɗan ja totur, ya saki. Mai Kunne yana tsaye yana kallon kunnen nan, ɗan ƙarami, ƙafar tabarau a maƙale a kai, kunnen da ba abin da yake saurara duk mako sai biyu sau biyu huɗu. Da ana musaya da ya ba da garejin duka.

"Ta daina?"

"Ta daina, Baba."

Ya waiwaya rumfa. Mai Faci ya gyaɗa kai.

Ya sauke bonet ya danna shi da tafin hannu. "To, babu abin da ya rage a jikinta. Na gama duka. Ba sai kun wahalar da kanku kuna zuwa ba."

"Baba, zan yi maka magana da likitan kunne," in ji Auta.

"Na ji. Ku gaida gida."

Suka shiga. Motar ta ja da baya daga ƙarƙashin bishiya, Malam ya karya sitiyari, ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya. Gilashi ya sauka. Malam ya leƙo da kai, ya ɗaga murya yadda za a ji shi.

"Baba, kamar fambel na ɗan ƙara in na karya kan mota. Ko mu kawo ta Asabar ka duba?"

Fambel ɗin da ya danna da yatsansa yanzun nan. Amma fambel kan yi ƙara ko yana sabo, siririyar ƙara, irin wadda ta bar shi. Ya dubi Auta, ta sa fuskar da take sa wa majinyata, ba ka karanta komai a kanta. Ya dubi Mai Faci, shi kuma a lokacin ne ya ga dama ya dulmiya tub ɗin taya a cikin ruwa ya ƙura masa ido yana neman huda. Ko gaskiya ce, ko sadaka ce mai hannun alli ke miƙo masa da tasa dabarar, ba shi da yadda zai sani, kuma ba wanda zai faɗa masa.

"Ku kawo ta," in ji shi. "Da wuri."

Ya tsaya a bakin ƙofa ya karkata kai yana bin motar har ta sha kwana. Bai ji komai ba sai gurnanin salansa.